Bulowar obin mai saurin gashi: me za mu kira ta da Hausa?

Salamu alaikum 'yan'uwa masu gyaran kayan lantarki, da ku malamai masu kula da harshe. Kalma ɗaya nake so mu tsayar yau, wato sunan Hausa na bulowa, abin da ke tura iska mai zafi a cikin obin, domin rashinta ya ci mana kuɗi da kwana uku a shagona nan Gombe.

Wani gidan abinci ta wajen Tumfure yana da irin obin nan da ke gasa shawarma ko burodi mai nama cikin minti ɗaya zuwa biyu. Waɗanda suka taɓa aiki a manyan otel sun san irinsa, TurboChef da Merrychef na cikin sunayen da aka fi ji. Sirrin saurinsa shi ne zafi iri biyu a lokaci guda. Akwai maikirowef da ke fitowa daga wata na'ura da ake kira maginetiron a kan megahaz 2,450, shi ke ɗumama cikin abinci. Akwai kuma iska mai zafi, wajen digiri 260, da ake turowa da ƙarfi ta ƙananan huji tana dukan abincin, ita ke sa bayansa ya yi ja ya yi ƙamas.

Mai gidan abincin ya kira ni ya ce burodi yana fitowa cikinsa da zafi, amma bayansa fari fat kamar bai ga wuta ba. Ina Bauchi a lokacin, sai na tura yarona na ce masa ta waya: "Je ka duba fanka." Ya je ya kwance murfi, ya ga wata ƙaramar fanka ƙurar hunturu ta lulluɓe ta, ya cire, muka yi odar sabuwa, ya ɗaura. Burodi ya sake fitowa fari. Da na dawo ya ce da ni, "Oga, ai fanka ka ce, kuma fanka na canza." Gaskiyarsa ne.

A cikin obin ɗin akwai abubuwa biyu da dukkanmu muke kira fanka, alhali aikinsu kishiyar juna ne. Ɗaya tana jawo iskar waje don ta sanyaya maginetiron da allon sarrafawa. Idan ta mutu, obin zai yi ta ɗaukar zafi yana kashe kansa ana tsakiyar aiki. Ɗayar, wadda muke ce wa bulowa, iskar wuta take juyawa, tana bi da ita ta kan elimen, wato ƙarfen da lantarki ke zafafawa, ta watso ta kan abinci. Ba ta ma yi kama da fanka ba, wata ƙafa ce ta ƙarfe mai haƙora a kewaye, da babban moto a bayanta.

Ga yadda na same ta. Na zare fulogi, na sauke cajin kafasita tukun, wato na'urar da ke tara wutar lantarki. Ina roƙon kowane yaron shago ya riƙe wannan: kafasitar maikirowef tana aiki da wuta wajen bolt 2,000, kuma tana iya riƙe ta bayan an zare fulogi, tana kisa. Sannan na sa yatsa na juya ƙafar. Mai lafiya idan ka tunkuɗa ta sai ta yi ta zagayawa shiru. Wannan kuwa rabin zagaye ta yi ta cije, da wani ɗan gurnani kamar ana niƙa tsakuwa. Moton mai waya uku ne, akwai wani akwati da ke ba shi wuta yana ƙara masa gudu ko ya rage. Na ɗora mita a kan wayoyin bibbiyu, awo ukun suka zo daidai da juna, babu kuma wadda ta haɗu da jikin ƙarfe, wato kwayil, wayar da ke naɗe a cikin moton, bai ƙone ba. Boris ne ya ci, wato abin da sandar moton ke juyawa a cikinsa. Maiƙon nama da ƙura sun haɗu sun daskare kamar kwalta, matatar iska kuma ta toshe, an daɗe ba a wanke ta ba. Moton yana juyawa, amma ba shi da ƙarfin turo iska.

To, mu koma kan suna. Na tambayi mutane da dama. Wani abokin sana'a ya ce a bar bulowa kawai, tunda fanka ma aro ce, asalinta Indiya, ta bakin Turawa ta zo mana. Ban ƙi aro ba, ina cewa moto da boris kullum. Matsalar bulowa ita ce ba ta gaya wa sabon yaro komai, kuma da ya ga abu yana juyawa zai mayar da shi fanka. Wani malamin makaranta ya kawo "injin hura iska mai zafi". Ma'ana ta fito, amma wa zai faɗi wannan a waya yana kan babur? Mafici kuwa tun farko na ajiye shi, don mafici sanyi yake kawowa.

Amsar a maƙera na same ta. Na kai wani ƙarfe a buga mini, na zauna ina kallon yaro yana danna fatun akuya biyu, dama da hagu, iska tana bi ta ƙaramin baki tana dukan gawayi, wuta na tashi fari. Na ce wa dattijon, "Baba, wannan aikin da yaron nan yake yi fa?" Ya ce, "Zuga ke nan, abin kuma zuga-zugi." Nan take na ga bulowar obin: a tattara iska, a matse ta ta ƙaramar kafa, a buga ta a kan abin da ake son zafi ya ci.

Na san abin da za a ce. Zuga-zugi wuta yake rurawa, a obin kuwa babu gawayi, elimen ne ke ba da zafi, ita iskar ɗaukowa kawai take yi. Na yarda akwai wannan bambanci. An kuma tuna mini cewa zuga tana nufin ingiza mutum ya yi faɗa. Haka ne, amma ai daga maƙera waccan ma'anar ta fito, kuma babu makanikin da zai rikice idan ana maganar obin. Abin da nake bukata shi ne kalmar da Bahaushe zai ji, hankalinsa ya tafi wajen wuta, kada ya tafi wajen sanyi, kuma zuga ta yi wannan.

Don haka ga abin da na tsayar a shagona. Ƙafar mai haƙora ita ce zuga-zugi. Moton da ke juya ta moton zuga. Akwatin da ke ba shi gudu akwatin zuga. Fanka kuwa mun bar wa mai sanyaya maginetiron ita kaɗai. Wajen oda dai har yanzu lambar da ke jikin farantin moto za ka tura, don mai sayarwa a Legas lamba ya sani.

Mun canza boris, mun wanke matata, burodi ya fito ja. Yarona ya ɗauki alƙalamin maka ya rubuta sunayen biyu, fanka da zuga-zugi, a cikin murfin obin, kowanne da kibiya. 'Yan'uwa na Bauchi, musamman masu zama kusa da maƙera, ku tambayar mini ko bakin yumɓun nan da iska ke bi yana da sunansa a wajenku, don farantin nan mai ƙananan huji da iska ke fitowa ta cikinsa a obin ma yana jiran suna.