Honda CD175 ta daɗe a ajiye: ta ina zan fara?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum manya. Kawuna ne ya bar mini babur ɗinsa, Honda CD175 ƙirar 1975. Ya haura shekara ashirin a rufe cikin ɗaki ba a taɓa shi ba. Jikinsa da sauransa, fentin ma bai gama koɗewa ba, amma tayoyi sun sace, batir ya mutu, in ka buɗe tanki wani wari ne mai ɗaci kamar na tsohon fenti. Niyyata gobe in sa sabon batir, in zuba fetur, in buga kik in ji ko zai amsa. Akwai abin da ya kamata in duba kafin nan?

Sarkin Gudu: Wa alaikumus salam. Honda ce fa. Zuba mai, ja cok, buga. Waɗannan injunan ba sa mutuwa.

Baba Makaniki: Yaro, kada ka ɗora ƙafarka a kan kik ɗin nan tukuna. Sarkin Gudu, ba sa mutuwa da kansu, gaskiya ne, kashe su ake yi, kuma yawanci a ranar farko da aka fito da su.

Ga dalili. A wannan injin, kam, wato sandar da ke juyawa tana buɗe bawul, yana saman kan injin ne, kuma yana juyawa kai tsaye a kan aluminiyam, babu boris a tsakani. Baƙin mai ne kaɗai ke raba su. Bayan wannan dogon zama duk man ya tsiyaye ya koma ƙasa, sama ta bushe ƙayau. In injin ya kama da wuta, kafin famfo ya turo mai sama, kam ya riga ya ci wurin zamansa. Fistin da zobe ana samun sababbi har gobe. Kan injin da ba a taɓa cinye shi ba kuwa, sai ka sha nema.

Abin da za ka fara yi: cire fulogi biyun, ka ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, kamar cokali guda, ka bar shi ya kwana. Buɗe murafun bawul ka shafa wa kam da hannuwan bawul mai. Washegari ka danna kik da hannu, ba da ƙafa ba, a hankali, fulogi na waje. In ya juya sumul, alhamdu lillahi. In ya cije, ka tsaya nan ka dawo ka faɗa mana.

Sabon Shiga: Na gode Baba. Na ɗan taɓa kik ɗin da hannu yanzu, ya sauka kaɗan ya tsaya cak. Ban matsa masa ba.

Baba Makaniki: Madalla da ba ka matsa ba. Alama ce zobe ya kama jikin silinda da tsatsa. Injin da aka ajiye, sau da yawa bawul ɗaya a buɗe yake tsayawa, ta nan danshi ke shiga.

Malamin Kimiyya: In ƙara a kan maganar Baba. Baƙin mai ya yi kauri, ba zai ratsa tsatsar zobe ba. Masu wannan harka da yawa suna haɗa man giyar mota mai sarrafa kanta, wato ATF, da asiton, rabi da rabi. Asiton ɗin shi ke jan man ya kutsa cikin matsatsin wuri, daga baya ya bushe ya bar man a can. A girgiza kafin a zuba domin ba sa haɗuwa sosai. A mayar da fulogi a ɗaure sama-sama don kada ya tsere da wuri. Kuma a kiyaye fenti, asiton na cin sa.

Ɗan Vespa: Ni kananzir ko dizal nake zubawa, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Ya fi jinkiri, amma babu ruwanka da ɓata fenti. Duk wanda ka zaɓa dai, haƙuri ne maganin, ka bar shi kwanaki yana jiƙa. Sai ka ɗora babur a kan tayoyinsa, ka sa giya ta huɗu, ka riƙa tura shi gaba da baya kaɗan-kaɗan. Tayar baya ce za ta riƙa girgiza fistin ta ɓangare biyu. Kik ɓangare ɗaya kawai yake turawa, kuma haƙoransa ba a yi su don fasa tsatsa ba.

Baba Makaniki: Haka ne. In an yi mako biyu ana wannan bai motsa ba, a daina lallashi, a sauke kai a gani da ido. Kuma duk abin da kuka zuba a silinda zai gangara cikin baƙin mai, saboda haka juye mai wajibi ne kafin a tayar. Yayin juyewar ka duba abin da ya fito. In ya yi fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga. In ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe, wata magana ce daban.

Wani abu da samari ba su sani ba: wannan injin ba shi da matatar mai irin ta takarda da ake canjawa. Abin da yake da shi wani ƙoƙo ne a gefen dama, a bakin kiransha, wato sandar da fistin ke juyawa, yana juyawa da injin, ƙarfin juyin yana manna datti a bangonsa. Za ka iske shi cike da baƙar laka ta taurare. Ka buɗe ka kankare, ka wanke ragar famfon mai ita ma.

Mai Wayarin: Kafin ka kai ga buɗe wannan murfin, ɗan'uwa, nemi sukudireba irin ta JIS, wato ta ma'aunin Japan. Kusoshin baburan Japan na wancan zamani kansu ya yi kama da Phillips amma ba shi ba ne, wasu za ka ga ɗan ɗigo a gefen giciyen. In ka sa Phillips za ta riƙa zamewa har ta cinye kan. Da JIS da sukudireban nan da ake buga wa guduma, babu wadda za ta gagare ka.

Ta ɓangarena kuma: babur ɗinka na bolt 6 ne, ba 12 ba. Kada wani ya ba ka batir ɗin babur na zamani, zai ƙone maka ƙwayayen fitila, kwayil ma ya sha wuya. Sannan wutar fulogi daga batir take zuwa, saboda haka da mataccen batir ko ka wuni kana bugawa ba zai tashi ba. Buɗe wurin kwantak, wato makunnin da ke buɗewa da rufewa yana sakar wa fulogi wuta, ka goge fuskokinsa biyu da takardar yashi mai laushi, ka share da tsumma mai tsabta, ka saita tazarar tsakanin milimita 0.3 da 0.4. Daidaita lokacin wuta da ƙaramin ƙwan fitila ake yi: kwantak ya fara buɗewa daidai lokacin da alamar F da ke jikin janaretan injin ta zo kan layi. Kwandansa kuwa, ɗan ƙaramin abin da ke kare kwantak daga ƙonewa, ni ba na gwada tsoho, canja shi nake yi. Ka bi duk inda wayar ƙasa ta kama jikin firam ka kankare tsatsa. A bolt 6 ɗan tsatsa kaɗan ya isa ya rage maka wuta.

Sarkin Gudu: To ku dai kun mayar da abin karatun jami'a. Ba a sa masa wutar zamani a huta da kwantak ba?

Mai Wayarin: Ana yi, ban hana ba. Amma ka fara tayar da shi yadda aka ƙera shi. In ka canja abu biyar lokaci ɗaya ya ƙi tashi, wanne za ka zarga? Abin da zan yarda a sauya tun yanzu shi ne tsohuwar rektifaya ta siliniyam, mai faranti-faranti ɗin nan da ke juya wutar janareta ta caja batir. Tana rauni da tsufa. Ta silikon ƙarama ce, tana ɓuya a wurin ba mai gani.

Malamin Kimiyya: Mu koma kan warin da ya ce ya ji a tanki. Fetur in ya daɗe, sassansa masu sauƙi suna tashi su bar wani danƙo mai launin ƙasa. Shi ne ke cikin kafireto yanzu, ya toshe kowace ƙaramar hanya. Kada a haɗa tankin nan da kafireto sai an wanke duka biyun.

Tanki: cire famfon fetur na ƙasan tanki tukuna, domin ƙarfensa ba ya jure tsami. Toshe ramin, zuba notuna a ciki ka girgiza su kakkaɓe ɓawon tsatsa. Ka ƙirga su kafin ka zuba, domin akan sami guda ya maƙale. Daga nan ka cika shi da ruwan khal fari ya kwana biyu ko uku, ka juye, ka ɗauraye da ruwan da aka narka bekin soda a ciki don ya kashe tsamin. Nan ne mutane ke sakaci: ƙarfen da aka wanke da tsami yana sake yin tsatsa cikin mintuna. Busar da shi nan take da iska mai zafi, ka kewaya cikinsa da ɗan mai. Kuma ko tanki ya yi shekaru babu fetur, kada a kusanto da shi wuta ko walda.

Ɗan Vespa: Maganin nan da ake shafe cikin tanki da shi fa, Malam? Wasu na yabonsa.

Malamin Kimiyya: In tanki ba ya yoyo, ni ban ga amfaninsa ba. Wanda ba a shafa da kyau ba yana ɓarewa daga baya ya toshe komai, cire shi kuma ya fi cire tsatsa wahala. Ƙaramar matata a kan sabon tiyo ta wadatar. In akwai ƙananan huji, to wannan sai a yi shawara.

Baba Makaniki: Kafireto ɗinka guda ɗaya ne yana ciyar da silinda biyu, ka ga an rage maka aiki. Kafin ka kwance sukurun iska, ɗaure shi a hankali har ya zauna kana ƙirga juyin, ka rubuta, don ka mayar da shi inda yake. Ƙaramin jet na silo, wato ɗan bututun da ke ba injin fetur in ba a murɗa totur ba, shi ne mai rigima. Raminsa bai fi tsinin allura ba, in bai buɗe ba babur zai tashi da cok, kana saki ya mutu. A jiƙa shi, a hura da iska, a ɗaga shi sama a ga haske ta ciki. Kada a zura masa allura ko wayar ƙarfe. Tagulla ce, ramin zai faɗaɗa, ba kuma zai koma ba. Girgiza fulot, wato abin da ke yawo a saman fetur cikin kafireto, kusa da kunnenka, in ka ji ruwa a ciki ya huje.

Shawarata, duk jet ɗin asali da ya wanku ka mayar da abinka. Na cikin kwalin gyara da ake sayarwa yanzu, lambar da ke jikinsu ba kullum take daidai da ramin ba. Gaskit da robobi kawai nake ɗauka a ciki.

Ka leƙa akwatin matatar iska da cikin salansa, ɓeraye na son su. Bawul kuma a saita shi injin na sanyi, milimita 0.05.

Hajiya Mai Super Cub: Kowa na ta maganar yadda zai tashi, ba wanda ya yi maganar yadda zai tsaya. Ƙanena, lainin birkin nan manna shi aka yi a jikin ƙarfe, kuma gam ɗin yana sakin jiki da tsufa. Yana iya ɓallewa kana cikin tafiya ya cije tayar gaba. Canja su gaba da baya ko da ka ga da sauran nama. In ka buɗe, kada ka hura ƙurar da baki ko da iska, lainin wancan lokaci akan same shi da asbestos, sinadarin da ƙurarsa ke cutar da huhu. Jiƙaƙƙen tsumma za ka sa.

Tayoyi ma haka, kada zanen ya ruɗe ka. Duba lambar DOT a gefe. Daga shekarar 2000 lambobi huɗu ne a ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In uku ka gani, tayar ta girmi 2000. Da taya da tiyub da robar da ke rufe kan sifoka duk su tafi tare. Kebur ɗin birkin gaba, in zare ɗaya ya tsinke a bakinsa, shi ma ya bi su.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri, Hajiya, ban ma kawo birki a raina ba. Tambaya biyu suka rage mini. Wane baƙin mai zan zuba? Sannan in sake masa fenti ne ko in bar shi?

Malamin Kimiyya: 10W-40 na babur, wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan. Kulocinka cikin man injin yake wanka, wasu mayukan mota kuma ana sa musu sinadarin ƙara santsi, sai kuloci ya riƙa zamewa. Man farko kada ya daɗe, da zarar injin ya ɗan yi aiki ya yi zafi ka juye shi ka sake sabo.

Hajiya Mai Super Cub: Fenti kam bar shi. Wanke, goge, shafa masa kakin mota. Na masana'anta in ka kankare shi ya tafi ke nan.

Sarkin Gudu: Nan kuma ban bi ki ba, Hajiya. Ni babur in zai fito, ya fito yana sheƙi.

Baba Makaniki: Wannan gardamar ku ajiye ta sai fistin ya motsa. Yaro, abu ɗaya ka riƙe don ranar tayarwa. Buga kik da yawa fulogi na waje don mai ya zagaya. In ya kama, kada ka murɗa totur, bar shi a silo, ka sassauta murfin bawul ɗaya ka leƙa. In minti ɗaya ya wuce ba ka ga mai ya iso sama ba, kashe shi. Hayaƙi zai yi da farko, man da ka zuba ne yake ƙonewa. Kuma faifan kuloci sukan manne da juna bayan dogon zama, saboda haka kafin ka tayar, sa giya, kama kuloci, ka tura babur ka ga ko tayar baya ta saki. In ba ta saki ba, kada ka jefa giya injin na aiki kana fuskantar bango.