Binciken da na yi kwana uku ina haɗawa ya ɓace, ina mafita?

Mai Walda Dakata:
Assalamu alaikum jama'a. Injin ɓarar gyaɗa nake ƙerawa, na sauya yadda rariyarsa take don kada ƙwaya ta riƙa farfashewa. Kafin in kashe kuɗin neman takardar mallakar ƙirƙira a Abuja, aka ce in fara dubawa ko wani ya riga ni. Kwana uku ina zuwa wani shagon kwamfuta a Zoo Road bayan la'asar, ina lalube a Espacenet, shafin intanet na binciken takardun mallakar ƙirƙira na ƙasashen duniya. Na ware takardu sun kai talatin, har da wata ta China da zanenta ya tsorata ni. Jiya na koma, wayam! Yaron shagon ya ce goge kwamfutocin suka yi. Kalmomin da na haɗa har suka fito da ta Chinar ma na manta su. Don Allah a taimaka.

Injiniya Kabuga:
Wa alaikumus salam Malam, sannu. Espacenet a cikin burauzar kwamfutar da ka zauna yake ajiye jerin takardunka da tarihin bincikenka, ba a wajensu ba. Da an share, shi ke nan. Ka buɗe asusu a PATENTSCOPE, shafin bincike irinsa na WIPO (hukumar kula da mallakar fasaha ta duniya), kyauta ne, can za ka sa wa kowane bincike suna ka adana, ko a waya ka shiga za ka tarar da shi.

Kuma ka daina dogaro da kalma kaɗai. Gyaɗa a Turanci mu groundnut muke cewa, Amurkawa peanut, fassarar takardun China kuwa sai abin da inji ya ga dama. Yi amfani da lambar rukuni, wadda ake ba kowace ƙirƙira gwargwadon nau'inta: A23N 5/00 ta injinan ɓare ƙwaya ce, A23N 5/01 ta gyaɗa ce zalla. Ina kyautata zaton ta Chinar tana ciki.

Malama daga Gwale:
Ni dai ban yarda da kowace manhaja ita kaɗai ba, ta taɓa yi min irin taka ina tsakiyar digiri na biyu. Littafi mai bangon kwali nake da shi: ranar bincike, abin da na rubuta harafi da harafi, adadin sakamako, lambar duk takardar da na buɗe. A Google Patents ma da sauƙi, tambayar tana cikin adireshin shafin, kwafe shi ka tura wa kanka a WhatsApp.

Ranar binciken ita ce babba. Yawanci sai bayan wata 18 da shigar da buƙatar mallakar ƙirƙira ake wallafa ta, saboda haka tambaya ɗaya za ta ba ka ɗari yau, bayan Sallah ta ba ka fiye. In ba ka rubuta ba, ta ina za ka gane sababbi?

Injiniya Kabuga:
Gaskiya ne Malama. Ofishinmu na rajistar ƙirƙira a Najeriya ma cikar takardu yake dubawa, ba ya tantance ko abu sabo ne, nauyin yana wuyanka. Sannan Malam, kada ka sake rubuta sirrin rariyarka a kwamfutar haya. Gara ma da suka goge.

Mai Walda Dakata:
Allah ya saka da alheri. Na sa A23N 5/01 a waya yanzu, ga ta Chinar nan ta fito a shafi na biyu. Tata rariyar a kwance take, tawa a karkace. Na aiki yaro ya sayo littafin.