Ina ake samun lambar inji a jikin Toyota Corolla?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Na sayi Toyota Corolla ƙirar 2006 a nan Sakkwato, kuma ina son a sauya takardunta zuwa sunana, amma an ce sai na kawo lambar shasi da lambar inji. Na ga wata doguwar lamba a ƙasan gilashin gaba, ta ɓangaren direba. Shin ita ce ta inji, ko kuwa akwai wata dabam? Don Allah masana su taimaka mini.

Bakanike daga Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Malam. Wadda ka gani lambar shasi ce, mai haruffa da alƙaluma 17, kuma za ka sake samun ta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Ita lambar inji a jikin ƙarfen injin kansa aka buga ta, a wani ɗan fili mai santsi kusa da inda inji ya haɗu da giyabos. A irin motarka, idan mai injin 1.8 ce, galibi za ka ga ta fara da 1ZZ, sannan sauran alƙaluman su biyo baya.

Abin da ke wahalar da mutane a garin nan shi ne ƙura, domin idan ta haɗu da baƙin mai sai ta daskare a wurin har rubutun ya ɓace gaba ɗaya. Ka bari injin ya huce sosai, ka sa ɗan kalanzir a tsohon buroshin haƙori ka goge wurin a hankali, sannan ka share da tsumma. Ka haska tocila daga gefe, ba kai tsaye ba, domin inuwa ce ke fito da rubutun. Idan har yanzu bai fito ba, ka goga alli a kai, ka zura waya ka ɗauki hoto. Amma ina roƙonka kada ka bari wani yaron gareji ya kankare wurin da ƙarfe, domin duk jami'in da ya ga alamar kankara zai yi zargin an taɓa lambar.

Alhaji na Arkilla:
Bayanin maigidan gareji ya gamsar. Abin da zan ƙara, ɗan'uwa, shi ne ka gwada lambar da ka samu da wadda ke cikin tsofaffin takardun motar tun kafin ka je ofis. Motoci da yawa an sauya musu inji, kuma wannan ba laifi ba ne, matuƙar akwai rasit na sayen injin. Idan lambobin sun saɓa, ka koma wurin wanda ya sayar maka ya ba ka rasit ɗin, domin a rubuta sabuwar lambar a takardunka.

Ɗan Mabera:
Allah ya saka muku da alheri. Na goge wurin da kalanzir da safiyar yau, lambar ta fito, kuma ta yi daidai da ta takarda.