Babbar DVR ko ƙarama mai memori? Muhawarar 'yan layinmu

Sakataren Layi: Assalamu alaikum. Kafin zaman Asabar ina so mu tsayar da magana kan kyamarorin tsaro na layinmu na kasuwa. Alhaji Mai Shadda ya ce kuɗin babbar DVR, wato akwatin da ke naɗar hoton kyamarori, asara ne, kowa ya sayi ƙaramar kyamara mai katin memori ya ɓoye a shagonsa. Injiniya ya ce sam. Bismillah.

Alhaji Mai Shadda: Wa alaikumus salam. Ni ba labari aka ba ni ba. Bara da damina aka shigo min ta silin. Kyamara huɗu gare ni, duk lafiyarsu ƙalau. Da safe na tarar da su a maƙale suna zare ido, akwatin da ke naɗar hoton kuwa an datse wayoyinsa an haɗa da shaddar an tafi. Wato da kuɗina na ƙara musu kayan sayarwa. Abin da ɓarawo zai saɓa a hammata ya fita da shi, ina amfaninsa?

Injiniya: Allah Ya mayar da alheri, Alhaji. A ina akwatin yake a lokacin?

Alhaji Mai Shadda: Kan tebur, ƙarƙashin talabijin.

Injiniya: To ranka ya daɗe, ai laifin wanda ya haɗa maka ne. Wayoyin kyamarorin duk a jikin akwatin suke ƙarewa, ɓarawo bin su kawai zai yi har inda yake. Ana saka shi cikin akwakun ƙarfe a kafe a bango, a wani ɗaki daban, a bi da wayoyin ta cikin bututu. Talabijin ɗin kaɗai ake bari a fili.

Ɗan Autan Layi: Wanda ya fasa silin akwakun ne zai gagare shi? Ni ina bayan Baba Alhaji. Ƙaramar nan tafin hannu ce, ko cikin kwalin takalmi ta shige.

Hajiya Mai Turare: Auta, tsaya in ba ka nawa labarin. Irin ƙaramar na saka, da kati mai giga 128. Ranar da kwalaben turare suka yi ƙafa na ciro katin aka sa a kwamfuta, sai ga shi hoton ƙarshe na watan azumi ne, mu kuwa har an yi babbar salla. Fitilarta na ci kullum, ni ina ta sakankancewa. Ba ta ce min uffan ba.

Injiniya: Wannan shi ne ciwonsu, Hajiya. Katin waya ba don rubutu dare da rana aka yi shi ba. Na'urar tana cika shi, ta goge na farko, ta sake rubutawa a kai, haka ba hutu, har ya gaji ya daina karɓa. Akwai katin da aka yi musamman don wannan wahalar, ya fi tsada. Ga kuma jabu: a jikinsa an rubuta 128, cikinsa bai kai ko kusa ba, in ya wuce iyakarsa hoton ya lalace.
Ku duba lissafi. Kyamara ɗaya mai hoton 1080 tana cin kamar giga 20 a kwana in ba ta tsayawa. Kati mai 128 na gaske kwana shida ke nan. Babbar DVR mai faifan ajiya tera 1, wato giga dubu, da kyamara huɗu, tana riƙe wajen kwana 11 zuwa 12, in kuma tana matse hoto da tsarin rage nauyi na H.265 sai ya kusa ninkawa. A saita ta sai ta ga motsi sannan ta naɗa, ya fi haka nisa. Faifan ma akwai nasa na musamman, irin su WD Purple da Seagate SkyHawk. Yawancin satar shago ba ta dare ba ce, ta 'yar ƙwarya-ƙwarya ce da ba a ganewa sai ranar ƙirgar kaya. A lokacin hoton kati ya daɗe da gogewa.

Alhaji Mai Shadda: Na ji. Amma ka amsa min wannan. Da magariba ake kashe janareton layi. Ɓarawo da tsakar dare yake zuwa. Akwatin naka da me zai yi aiki?

Injiniya: Da batir. DVR da kyamara huɗu ba su wuce wat 40 ba ko kusa da haka. Batir mai bolt 12, amfiya 100, zai kai su asuba da rara.

Alhaji Mai Shadda: Batir da inbata su kwana a kunne cikin kasuwar tufafi, ba kowa a wurin? Ɓarawo yakan bar maka wani abu, gobara ba ta bari. Waɗanda suka ga ta kasuwar Sabon Gari a Kano a 2016 ba sa wasa da wannan.

Injiniya: Nan kam kana da gaskiya, ba zan musa ba. Sai dai a kai batirin ɗakin masu gadi, da fiyus, da waya mai kauri.

Ɗan Autan Layi: Ku duk kun tsaya a zamanin da. Yanzu hoton intanet yake hawa, ka kalli shagonka a waya kana gida kana shan shayi. A sace akwatin ma, oho.

Malam Mai Littattafai: Auta, giga 20 a kwana fa aka ce, kyamara ɗaya. Wa zai sayi datar? Kuma duk ƙofar da ka buɗe wa kanka wani ma ya gan ta. A watan Oktoba na 2016 wata muguwar manhaja, Mirai, ta bi DVR da kyamarorin da ba a canza musu kalmar sirrin kamfani ba, aka tara su aka kai hari, har Twitter da Netflix suka tsaya wa mutane a Amurka. Da yawanmu kalmar da mai haɗawa ya saka ita ce har yau, kuma tana cikin wayarsa.

Injiniya: Malam, ba duk masu haɗawa ba dai! Amma e, a canza. Kuma ba dole hoton duka ya hau ba, ana iya saitawa in an ga motsi da dare ta turo ɗan guntu kawai.

Ɗan Hajiya Mai Karatun Lauya: Iyayena, a yi haƙuri in sa baki. Kowacce kuka saya, ku kula da agogonta. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda a karɓi abin da na'ura ta fitar a kotu, amma sai an nuna tana aiki daidai a lokacin, da takardar shaida daga mai kula da ita. Hoton da kwanan watansa ya koma shekarun baya don ƙaramin batirin ciki ya mutu, lauyan wanda ake zargi da shi zai fara.

Hajiya Mai Turare: Ka ji. Tawa ma ban taɓa duba ko ƙarfe nawa take nunawa ba.

Injiniya: To ga matsaya. Babba guda mai ɗaukar kyamara takwas a ɗakin masu gadi, kyamarorin su kalli bakin layi da bayan shaguna. Wanda ya so ya ƙara ƙarama a ɓoye, saitin fuskar mai shigowa, ya riƙa ciro katin duk Juma'a yana dubawa. Da hunturu kuma a riƙa goge gilashin, don ƙura da yanar gizo-gizo suna mayar da hoton dare fari fat.

Alhaji Mai Shadda: Ashe ka dawo layina.

Injiniya: A'a ranka ya daɗe, taka 'yar rakiya ce.

Hajiya Mai Turare: Ni tambayata daban. Wa zai riƙe kalmar sirrin? Matan aure ne ke zuwa wurina, ban yarda samarin layi su zauna suna kallonsu a waya ba. Kuma kada kyamara ta leƙo cikin shagona.

Ɗan Autan Layi: Hajiya, ni kike nufi?

Hajiya Mai Turare: Na kira suna?

Sakataren Layi: Na rubuta: wurin ajiye akwati, batir, mai riƙe kalmar sirri. Injiniya, ka zo mana da farashin biyun ranar Asabar bayan la'asar.

Alhaji Mai Shadda: Ka ƙara da cewa ni zan ba da kasona, amma ƙaramar sai na saya. Kuma kada wanda ya tambaye ni inda zan ɓoye ta.