Neman shawara: masarauta biyar ko daula uku? An ja wa 'yata jan biro a gwajin bayoloji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah malamai da ma'aikatan lafiya na gidan nan ku raba mana gardama. 'Yata tana ajin farko na babbar sakandare a wata makaranta a nan Kurna. An yi musu gwajin bayoloji, aka ce su kawo manyan rukunan da aka kasa halittu masu rai. Daren gwajin baffanta, da ke karatun ƙananan halittu a BUK, shi ya yi mata bita. Ya ce abin da ke littafinsu tsohon yayi ne, yanzu kashi uku ne: Bacteria, Archaea da Eukarya. Haka ta rubuta. Malamin ya soke, ya rubuta mata a gefe cewa biyar ne. Ta dawo tana kuka, baffan kuma ya hau dokin zuciya wai gobe da kansa zai je makarantar. Ni ɗinki na sani, ban san wannan ba. Wa ke da gaskiya? In bar shi ya je ko in hana shi?

Malamin bayoloji, Gwale: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, zamani ne ya bambanta.

Wanda ya kafa harsashin wannan fanni shi ne Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, da ya fara fitar da tsarinsa a 1735. A wurinsa masu rai gida biyu ne kawai, dabba da tsiro. Da madubin ɗakin gwaji ya ƙara ƙarfi, sai aka yi ta cin karo da halittun da suka ƙi shiga ko'ina, har Ernst Haeckel na Jamus ya buɗe musu gida na uku a 1866, ya kira shi Protista. A 1969 Robert Whittaker na Amurka ya kawo masarautu biyar: Monera, wato su bakteriya, sai Protista, Fungi, Plantae da Animalia. Ya duba ginin ƙwayar halitta da yadda kowa ke samun abinci. Tsiro yana haɗa nasa da hasken rana, dabba tana ci ta haɗiye, naman kaza da fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu kuwa narkar da abincin suke a waje su tsotse. Shi ya sa aka fitar da su daga cikin tsirrai.

Wannan tsarin na biyar shi ne a manhajar WAEC da JAMB, a kansa ake ba da maki. Malamin bai yi laifi ba da ya nemi biyar. Da ni ne dai da na kira yarinyar na tambaye ta inda ta samo amsar, don ɗalibar aji ɗaya da ta san Archaea ba ta kuka ba ce.

Wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari: Wallahi da na ga "masarauta biyar" na zaci siyasar Kano aka dawo da ita gidan nan, har na gyara zama. Hajiya, ki hana shi zuwa. Ran da ya gama faɗan ya tafi, yarinyar ce za ta ci gaba da zama a ajin.

Ɗaliba a fannin ƙananan halittu: Malam ya yi bayani, amma bari in ɗan tare wa baffa, Anti. Abin da ya koya mata ba ra'ayinsa ba ne. A 1977 Carl Woese da George Fox suka bar duba siffa, suka koma kwatanta sinadarin gado na cikin ƙwayar halitta. Sai suka tarar abin da ake tarawa a Monera iri biyu ne masu nisa da juna, wato Bacteria da Archaea, duk da a madubi kusan kamanninsu ɗaya. Kama da wane ba ta wane. A 1990 Woese da abokan aikinsa suka tsara dauloli uku. Archaea ɗin nan ba a wata duniya suke ba, suna cikin tumbin sa da akuya, su ne ke samar da iskar mitan da dabbar ke gyatsawa. Mu mutane, da bishiyar kuka, da naman kaza, da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro duk Eukarya ne, don ƙwayoyin jikinmu suna da cibiya mai rufi inda gadon halitta yake. Inda baffa ya yi gaggawa shi ne daula tana saman masarauta ne, kamar yadda hakimi yake saman dagaci, zuwan ɗaya bai kori ɗaya ba. Masarauta ɗaya ce kawai ta tsage biyu, sauran huɗun suka shiga ƙarƙashin inuwa guda.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. To ga wata, yarinyar tana gefena ta ce in tambaya: bairos fa, a wace masarauta yake? Ta duba biyar ɗin ba ta gan shi ba.

Malamin bayoloji, Gwale: Ki ce mata tambayar manya ta yi. Ba ya cikin ko ɗaya. Ba shi da ƙwayar halitta tasa, ba ya ci, ba ya hayayyafa sai ya shiga jikin wani mai rai. Shi ya sa littafinsu ke ajiye shi a kan iyaka, masana kuma suka yi masa tsarinsa daban.

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Sabon Gari: Tunda an zo nan bari in saka baki, don wannan karatun da yara ke gani kamar hadda ce kawai, mu da shi muke aiki kullum. Taifot, kwalara, tarin fuka da sanƙarau irin na lokacin zafi bakteriya ke kawo su. Ƙyanda, shan inna da yawancin mura bairos ne. Zazzaɓin cizon sauro Plasmodium ne, ɗan gidan Protista. Makero na kan yara ɗan gidan Fungi ne. Tsargiya kuwa tsutsa ce, dabba ce sak. Kowane gida da maganinsa. Amma sai yaro ya kwana da mura a ruga kyamis a sayo kafso na kashe bakteriya, a ba shi kwana biyu a ajiye sauran. Bairos ɗin ko a jikinsa, bakteriyar cikin yaron kuma ta koyi jure maganin, ranar da za a neme shi da gaske ya ƙi ci. Ko a cikin bakteriyar ma sai mun rarrabe. Muna shafa samfur a gilashi mu zuba rini, wasu su riƙe shuɗi mai duhu, wasu su koma ja-ja. Hanyar Hans Christian Gram ce ta 1884, har yau da ita likita ke samun hasken farko kan maganin da zai rubuta.

Wata dattijuwa, Yakasai: Ɗan nan, kada ka sa jikata ta tsani abin gaba ɗaya. Ni ɗana ya faɗa min ƙananan halittun nan ne ke mayar da madara nono, su ke nunar da kalwa ta zama daddawa, yis ɗin alkubus ma mai rai ne.

Ɗaliba a fannin ƙananan halittu: Haka ne Hajiya Babba. Na daddawa yawanci Bacillus ne, yis kuma ɗan gidan Fungi. Har ramukan marina na Ƙofar Mata, bakteriya ce ke sa baba ya narke a ruwan toka ya kama zane. Masu cutarwa 'yan kaɗan ne a cikinsu.

Malamin bayoloji, Gwale: Hajiya, ga shawarata. Baffa ya zauna a gida. Yarinyar ta ɗauki takardarta ta sami malamin bayan darasi, ba a gaban aji ba, ta ce: "Malam, na karanta cewa akwai dauloli uku a saman masarautu, ina son ƙarin bayani." A jarrabawa kuma ta kula da lafazin tambayar. In masarautu aka nema ta kawo biyar da misali ɗaya-ɗaya, in dauloli aka ce ta kawo uku. Shi kuma baffa, tunda yana da himma, ya zaunar da ita a kan matakan da ke ƙasa da masarauta, da rubuta sunan kimiyya, don nan yara suka fi zubar da maki: kalma biyu, ta farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami, a ja layi ƙarƙashin kowacce. Su fara da na tukunyarki: kuka Adansonia digitata, zogale Moringa oleifera, dawa Sorghum bicolor.