An ce ina ɗauke da ƙwayar tarin fuka alhali lafiyata ƙalau

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku ba ni shawara. Yayana ya yi tarin fuka, ni na yi jinyarsa, don matarsa ta yi yaji, sauran dangi kuwa ko leƙe. Ya warke, alhamdulillahi. Yanzu gwajin fata ya nuna ina da ƙwayar, hoton ƙirji kuma bai nuna komai ba. Ba tari, ba zazzaɓi. Likita ya ce in sha maganin kariya. In jikina ya riga ya kashe ta, maganin na mene ne?

Ma'aikacin lab: Wa alaikumus salam. Hajiya, gwajin bai ce jikinki ya kashe ta ba, ya ce garkuwar jikinki ta taɓa haɗuwa da ita. Ƙwayar nan tana da wayo. In ta shiga huhu, sojojin jiki masu haɗiye ƙwayoyin cuta sukan haɗiye ta, sai ta hana su zuba mata sinadaran da za su narkar da ita, ta mayar da cikinsu gidanta. Fatarta ma mai maiƙo ce, da wuyar fasawa. Da jiki ya ga haka sai ya kewaye ta da wasu ƙwayoyin garkuwa, ya killace ta. Tana iya kwanciya a nan shekaru. Cikin masu ɗauke da ita, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne take tashi musu, galibi a shekaru 2 na farko.

Maman biyu: Ni mijina da ya sha maganin, fitsarinsa ja ya koma, kuma ba wanda ya gaya mana haka zai faru. Ko kallonmu ba sa yi a asibitin nan. Ki sha bitamin kawai.

Ma'aikacin lab: Rifampicin ne, ɗaya daga magungunan tarin fuka, canza launin fitsari aikinsa ne. Bitamin ba ya fito da ƙwaya daga maɓoyarta.

Baban Yara: An yi miki allurar BCG, ta rigakafin tarin fuka, kina jaririya? Tana iya sa gwajin fata ya nuna akwai ƙwayar ko da babu. Ki nemi na jini.

Mai tambaya: An yi min. To ka gani! Dama maganin suga ya ishe ni, ba zan ƙara wani ba.

Ma'aikacin lab: Suga? Ai shi ya kamata ki fara faɗa mana! Ciwon suga yana raunana killacewar nan, haɗarin tashin ƙwayar ya kan ninka sau 2 zuwa 3.

Mai tambaya: Sugana a daidaice yake, Malam. Zan dai yi tunani. Maman biyu, wane bitamin ne?