Yadda za a rage faɗuwar lambo a ƙwallo

A muhawarar da masu kallon ƙwallo suka tafka kan 'yan wasan da ke zubewa da an ɗan taɓa su don neman bugun tazara, kusan kowa ya yarda cewa doka tana nan: faɗuwar ƙarya katin gargaɗi ce. Alƙalai ne ke jin nauyin ɗaga katin, musamman ga manyan taurari.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce hukunci bayan wasa. A 2017 hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar da Oumar Niasse na Everton wasa biyu, saboda yaudarar alƙali a karawarsu da Crystal Palace. Tarar kuɗi kuwa, irin wadda FIFA ta ci Rivaldo na Brazil a 2002, ba ta girgiza mai albashin miliyoyi.

Wani ya kawo hujjar da na fi gamsuwa da ita: wanda aka yi wa ƙeta ya daure bai faɗi ba, ba a busa masa. Alƙali ya riƙa busawa ko ɗan wasan yana tsaye.

Masu horas da yara kuma, su cire mai lambo daga fili nan take.